Yadda Ake Ɗaukar Ma'aikatan Farko a Sabuwar Sana'a a Maraɗi

A Maraɗi, da zarar labari ya bazu cewa wane zai buɗe shago ko mangaza ko wurin sarrafa amfanin gona, masu neman aiki sukan riga kayan sayarwa isowa. Kawu zai aiko ɗansa da ya bar lakwal, maƙwabci zai kawo ƙanensa da ya dawo daga Agadas ba tare da komai ba, limamin unguwa kuma zai yi maganar wani almajirinsa mai natsuwa. Wannan ba abin ƙi ba ne, domin a kan irin wannan sanayya Alhazan garin nan suka gina kasuwancinsu tun zamanin cinikin gyaɗa, lokacin da yaro kan yi shekaru a hannun ubangida har ya sallame shi da jari. Sai dai ubangidan wancan tsari yana da gida mai ciyar da jama'a da dukiyar da za ta iya shanye ɓarnar yaro ɗaya ko biyu. Mai sabuwar sana'a kuwa jarinsa ƙidayayye ne, kuma mutum biyu ko uku na farko da zai ɗauka su ne za su riƙe kuɗinsa da kayansa da sunansa a gaban masu saye. Don haka ya wajaba ya san aikin kafin ya zaɓi mutumin, ya gwada mutumin kafin ya ba shi makulli, kuma a gama maganar haƙƙi da sharaɗi kafin ranar farko ta aiki.

Matakin farko ana yin sa ne da takarda da alƙalami, ba a gaban kowa ba. Mai sana'a ya zauna ya rubuta duk wani aiki da za a yi daga buɗe ƙofa da safe har zuwa rufewa, komai ƙanƙantarsa. Mu ɗauki misalin wanda zai kafa ƙaramin wurin tatsar man gyaɗa a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo. Akwai sayen gyaɗa a kasuwannin ƙauye, da tsince ta, da suya, da tayar da inji da kula da shi, da tace mai da zuba shi a jarka, da sarrafa tunkuza, da kai kaya ga masu shaguna, da karɓar kuɗi, da bin bashi, da rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, da gadin dare. Idan aka jera su haka, nan take za a ga cewa ba nauyinsu ɗaya ba. Wasu ayyuka ne na kullum da suke buƙatar mutum tsayayye, kamar mai inji da mai sayarwa. Wasu kuwa sukan zo ne sau ɗaya ko biyu a mako, kuma ɗaukar mai albashi dominsu asara ce: ɗan dako da mai kabu-kabu ana biyan su kan kowace tafiya, mai gyaran inji ana kiran sa idan buƙata ta taso, mai lissafin da zai shirya takardun haraji yana iya zuwa a ƙarshen wata. Sauran ayyukan kuma bai dace mai sana'a ya sake su a shekarar farko ba, wato sayen ɗanyen kaya, da yanke farashi, da yanke shawarar wanda za a ba bashi, domin a waɗannan wurare uku ne riba take samuwa ko ta salwanta. Wanda ya yi wannan rabo da gaskiya sau da yawa zai tarar cewa mutum biyu yake buƙata, alhali da farko biyar yake tunani.

Daga nan sai lissafin albashi, kuma a ganina ma'aunin da ya fi dacewa shi ne mutum ya tambayi kansa ko zai iya biyan waɗanda zai ɗauka har wata shida ko da ciniki ya tsaya. Ɗan Maraɗi ba ya buƙatar dogon bayani kan dalilin haka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai a 2022. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 an sake rufe iyaka, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga can, har injina suka koma dogara ga janareta. Garin da hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina take ciyar da kasuwarsa, wanda kuma faɗuwar naira take sauya masa farashi cikin 'yan kwanaki, ba wurin da za a ɗora albashi a kan cinikin wata mai kyau ba ne.

Doka ma tana da nata lissafin, kuma gara a san shi tun da wuri. Dokar ƙwadago ta Nijar da ake aiki da ita ita ce ta ranar 25 ga Satumba 2012. Mafi ƙarancin albashi, wanda ake kira SMIG, ya daɗe a kan CFA 30,047 kafin a ɗaga shi zuwa jika 42, wato CFA 42,000, daga watan Janairu na 2024. Lokacin aiki na doka awa 40 ne a mako, abin da ya ɗara haka kuma ana biyan sa da ƙari. Ma'aikaci yana da hutun yini guda a mako, da hutun shekara mai albashi da ake lissafawa kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki, mace mai juna biyu kuma tana da hutun haihuwa na mako 14. Bayan albashin akwai kuɗin CNSS, wato asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, inda maigida yake zuba kashi 16.4 cikin ɗari daga aljihunsa, ana kuma cire kashi 5.25 daga albashin ma'aikacin. Ke nan wanda aka yanka wa jika 42, maigida zai ƙara masa CFA 6,888 na asusun, ya zama 48,888 kafin a yi maganar ɗan kason ANPE, hukumar samar da aikin yi, da abincin rana da kuɗin kabu-kabu. Gaskiya ne yawancin ƙananan sana'o'in garin nan ba su bi ta wannan hanya ba. Amma wanda ya riga ya yi rajistar kasuwanci ya karɓi lambar haraji ta NIF, yana kuma fatan sayar wa ma'aikatun gwamnati ko ƙungiyoyin agaji, zai tarar ana neman takardar shaidar biyan CNSS a cikin takardun neman kwangila. Haka kuma inda ake aiki da inji ko tafasasshen mai, ranar da hannun yaro ya shiga bel, rajistar ce take bambanta wanda asusu zai ɗauke wa nauyin jinya da wanda zai sayar da kayan aikinsa.

Game da inda za a nemo mutane, ya danganta da aikin. Mai inji da mai walda da mai haɗa wuta ana samun su ta hanyar tsofaffin masu sana'ar, ko daga cibiyoyin koyon sana'a da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Wanda zai riƙe lissafi ko kwamfuta ana iya samun sa cikin waɗanda suka kammala karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko masu rajistar neman aiki a ofishin ANPE. Mai sayarwa kuwa sau da yawa a kasuwa ake gane shi: a je Babbar Kasuwa ranar Litinin ko Juma'a, lokacin cunkoso, a lura da yaron da yake iya sallamar mutum uku a lokaci guda ba tare da ya ɗaga murya ko ya rikita canji ba. Sai dai idan a hannun wani yake, a nemi izinin ubangidansa tukuna, domin janye yaron wani a ɓoye abu ne da 'yan kasuwa ba sa mantawa, kuma sabon shiga ba ya da ƙarfin ɗaukar irin wannan gaba.

Maganar dangi ita ce mai wuya, kuma ba a warware ta da cewa ba za a ɗauki ɗan uwa ba sam. Akwai ɗan uwan da ya fi bare amana da ƙwazo. Matsalar ita ce ɗan uwa yana da sauƙin ɗauka da wuyar sallama, kuma idan ya yi kuskure, maganar ba ta tsayawa a shago, sai ta kai zauren gidan gado. Ma'aunin da zan ba da shi ne kada a ɗauki wanda ba za a iya yi wa faɗa a gaban sauran ma'aikata ba, ko wanda ba za a iya ce masa ya ajiye makulli ba. Idan babba ya kawo ɗansa, ba a ce masa a'a kai tsaye, ba a kuma ce masa to don kunya. Ana iya cewa: "Kawu, na gode da kuka tuna da ni, kuma yaron nawa ne. Sai dai wurin bai tsaya da ƙafafunsa ba tukuna, kuma duk wanda zai shiga sai an gwada shi wata ɗaya kamar kowa. Idan aikin ya karɓe shi, alhamdu lillahi. Idan bai karɓe shi ba, ina roƙon ku yarda tun yanzu cewa zan maido muku da shi ba tare da an ga laifina ba." Dattijon da ya amsa wannan a gaban shaida ya riga ya sauƙaƙa ranar rabuwa, wanda ya ƙi amsawa kuma ya nuna irin rigimar da za a shiga in an ɗauki yaron. Wani lokaci ba wa ɗan uwa gudummawar kuɗi sau ɗaya ya fi arha a kan ba shi gurbin da bai iya ba.

Hira ta baki ba ta bayyana abu mai yawa, domin kowa zai ce yana da haƙuri da riƙon amana. Aikin ne ake sa mutum ya yi a gaban ido. Mai neman aikin inji a ce ya kwance abin da ake kwancewa don wankewa ya mayar, a lura ko ya kashe wuta kafin ya sa hannu. Mai neman aikin sayarwa kuma a gwada shi da lissafin da zai riƙa fuskanta kullum, wanda a nan yake da tarko na musamman, tun da da dala muke ciniki a baki, da tamma kuma muke rubutawa a takarda, alhali dala ɗaya tamma biyar ce. A ce masa mai saye ya ɗauki kayan jika uku da dala hamsin, ya ba da jika biyar, nawa ne canjinsa, kuma me za a rubuta a kaye, wato littafin lissafin shago. Amsar ita ce a rubuta 3,250, a mayar da jika ɗaya da dala ɗari da hamsin, wato 1,750. Akwai mai takardar makaranta da zai ji "ɗari" ya rubuta 100 maimakon 500, akwai kuma wanda bai taɓa shiga aji ba da zai ba da canjin daidai amma ba zai iya rubutawa ba. Mai sana'a shi ya san wanne daga cikin giɓin biyu zai iya cikewa da koyarwa. Idan shagon yana karɓar naira, a ƙara masa da tambayar yadda zai yi in mai saye ya zo da ita alhali canjin safe ya bambanta da na yamma. Amsar da ake so ita ce ya ce zai tambayi maigida ko ya duba farashin da aka rubuta na ranar, maimakon ya yanke da ka.

Bayan gwaji sai bincike. A san gidan da yake kwana, a ga katinsa na ɗan ƙasa a ajiye kwafinsa, a kuma je wurin wanda ya yi wa aiki a baya da ƙafa, domin a waya mutane ba sa son ɓata wani. Ko a gaba da gaba ma ba kasafai Bahaushe zai ce yaron ɓarawo ne ba, don haka tambayar da take fitar da gaskiya ita ce: "Alhaji, da zai dawo gobe, za ku sake ba shi makullin mangaza?" Jinkirin amsa kaɗai ya isa bayani. Ga wanda zai riƙe kuɗi ko kaya masu tsada, a nemi babban mutum da zai tsaya masa, wanda aka san shi aka san wurin zamansa, kuma a gaya masa a fili abin da tsayawar take nufi.

Ko an sami mutanen kirki, tsarin wurin shi ne yake kiyaye kirkin nasu. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce hannun da yake karɓar kuɗi kada ya zama shi kaɗai yake rubuta kaye, kuma mai riƙe makullin mangaza kada ya zama shi yake ƙidaya kayan da suka rage. Idan ma'aikata biyu ne kawai, maigida shi ne na uku: kowace yamma a ƙirga kuɗin akwati a gabansa, a gwada da abin da aka rubuta, kowa ya sa hannu, kowane mako a ƙidaya jarkoki da buhuna. Lambar wayar da masu saye suke turo kuɗi a kanta ta zama ta sana'ar ce, da sunan mai ita, domin idan ta yaron shago ce, ranar da ya tafi zai tafi da kuɗin da ke ciki da masu sayen gaba ɗaya. Wasu suna jin nauyin kafa wannan tsari don kada ma'aikaci ya ga kamar ana zargin sa. Maganin haka shi ne a fara shi tun ranar farko kuma a kan kowa, har da ɗan maigida, domin ƙidayar da aka ƙirƙiro bayan kaya sun ɓace ita ce take zama zargi. Ma'aikaci mai gaskiya ma shi ne ya fi amfana, tun da kayen ne zai wanke shi ranar da lissafi ya ƙi fita.

Yarjejeniyar aiki a rubuta ta, ko da shafi ɗaya ce. Takardun hukuma da Faransanci ake yin su, saboda haka a karanta wa ma'aikacin abin da ke ciki da Hausa a gaban shaidu biyu, ɗaya daga ɓangarensa, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a kuma ba shi kwafinsa. Bayan sunan aiki da albashi da ranar biya da lokacin shiga da tashi, lokacin gwaji ma sai an rubuta shi da tsawonsa, in ba haka ba babu hujjar da za a nuna cewa gwaji ake yi. Akwai kuma abubuwan da takardun da ake kwafowa daga ofis ba sa ambata, alhali su ne suke haddasa saɓani a nan. Na farko shi ne damina. Ma'aikacin da iyayensa suke Madarunfa ko Gidan Rumji ko wajen Tasawa, idan ruwan shuka ya sauka a watan Yuni zuciyarsa tana gona, kuma zai sake neman tafiya lokacin girbi. Gara a tambaye shi tun farko, a yanka masa kwanakin da zai yi, a san ko daga hutunsa na shekara za a cire su, a kuma shirya wanda zai riƙe wurinsa. Na biyu lokutan aiki a watan azumi da ranar Juma'a. Na uku, wanda ya fi su cin jari, shi ne karɓar wani abu daga albashi kafin wata ya ƙare. Suna da biki da rashin lafiya ba sa jiran ƙarshen wata, kuma maigidan da ya ce ba zai taɓa bayarwa ba zai sa a ɗauka a ɓoye. Abin da ya fi shi ne a sa iyaka, misali kada ya wuce sulusin albashi, a rubuta shi a shafi na dabam, kuma kada a ba da sabo sai an cire tsohon. A fayyace kuma hukuncin bashin da ma'aikaci ya ba abokinsa ba da izini ba.

A bambanta ma'aikaci da ɗan koyo da mai aikin yini. Ɗan koyo yana da haƙƙin a koya masa sana'ar da gaske, a kuma gaya wa iyayensa tsawon lokacin da abin da za a riƙa ba shi. Dokar ƙwadago ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba ko da da sunan koyo ne, kuma aikin inji da wuta ba na yara ba ne. Matan da suke tsince gyaɗa ko ɗaura kaya galibi sun fi son a biya su kan tiya ko buhu a kowace yamma, kuma wannan ya dace da sabuwar sana'a, muddin an daidaita ma'aunin a gabansu. Idan matar aure za a ɗauka aikin dindindin, a tabbata an gama magana da gidanta kan lokacin tashi, don kada aikin ya katse a mako na biyu.

Watan farko maigida ba ya nisa da wurin. Shi zai nuna yadda ake gaida mai saye, da yadda ake auna kaya, da abin da ake yi in an kawo ƙorafi, domin abin da mutanen farko suka saba da shi shi za su koya wa duk wanda ya zo bayansu. Idan ma'aikata sun kai uku, a bayyana wanda yake gaba in maigida ba ya nan, kada a bar shekaru ko dangantaka su yanke wannan da kansu. Albashi kuma a biya shi a ranar da aka ambata ko da maigida zai jinkirta nasa, a kan takardar biya da ma'aikaci zai sa wa hannu. Wanda ake ja wa albashi yana zaune kusa da akwatin kuɗi, ba da jimawa ba zai fara biyan kansa, kuma ba zai ɗauki hakan sata ba.

Idan lokacin gwaji ya nuna mutum bai dace ba, a sallame shi kafin wa'adin ya cika, a biya shi kwanakin da ya yi, a kuma sanar da wanda ya kawo shi kafin labarin ya iske shi a bakin wani. Bayan gwaji ya wuce, sallama tana buƙatar dalili karɓaɓɓe da sanarwa a rubuce da wa'adi, sai dai in laifin babba ne, don haka duk gargaɗin da aka yi wa ma'aikaci a rubuta shi da kwanan wata. Ranar tafiyarsa a lissafa masa sauran albashi da kuɗin hutun da bai ci ba, a ba shi takardar shaidar aiki, a karɓi makulli da wayar shago, a sauya lambar sirrin asusun kuɗi. In saɓani ya ƙi ƙarewa a tsakani, ofishin sufetan ƙwadago na jiha ne yake fara ƙoƙarin sulhu kafin magana ta kai kotu, kuma abin da za a fara nema a can shi ne yarjejeniyar da aka sa wa hannu da takardun biyan albashi.